Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tsara Siyasar Waje Da Makomar Hulɗar Jakadanci

(Matanin laccar da wani ɗan'uwa ya gabatar a zamanmu na ƙara wa juna sani. Mun buga ta yadda ya rubuta, domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.)



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da amincinSa su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya shugaban wannan zama, malamaina, iyayena, da sauran 'yan'uwa maza da mata, an ɗora mini nauyin yin magana a kan tsara siyasar waje da kuma makomar hulɗar jakadanci. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan mai shago a Jibiya ko manomi a Maigatari da abin da jakadu ke tattaunawa a ɗakunan taro? Amsa ita ce, shekarar 2023 ta nuna mana ruwanmu a ciki tsundum. A ranar 30 ga Yuli ta waccan shekara aka yanke wata shawara a Abuja, kafin mako ya zagayo manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin iyaka, kasuwanni sun mutu, dangi sun kasa kai wa juna gaisuwar mutuwa. Saboda haka magana ɗaya nake so mu tashi da ita daga wannan zama, watau ƙasar da ba ta ajiye mutanen da aikinsu shi ne tunanin gobe ba, to ranar da rikici ya faɗo da gaggawa za ta yi hukunci, kuma talakan bakin iyaka ne zai biya kuɗin gaggawar.

MENE NE TSARA SIYASAR WAJE?

Ma'aikatar harkokin waje ta kowace ƙasa tana da aiki iri biyu. Akwai aikin yau da gobe, kamar bayar da biza, karɓar baƙi, amsa wasiƙu, da ceton ɗan ƙasa da ya shiga matsala a waje. Wannan aiki ba ya ƙarewa, kuma shi ke cinye lokacin minista da jakadunsa. Sa'an nan akwai aiki na biyu, wanda ba shi da hayaniya: a zaunar da mutane kaɗan masu ilmi, a ɗauke musu ɗawainiyar yau, a ce su duba shekara biyar ko goma ko ashirin masu zuwa. Me ƙasarmu ke bukata daga maƙwabtanta? Wa zai iya zama abokin gaba, wa zai iya zama abokin tafiya? In abu kaza ya faru, me za mu yi, kuma in mun yi shi, me zai biyo baya? Wannan aiki na biyu shi ake nufi da tsarawa, shi ne kuma abin da malamanmu ke kira tadbiri, watau duban ƙarshen al'amari tun kafin a shige shi.

Misalin da ya fi shahara a wannan zamani daga Amurka yake. Ba na kawo shi don yabon manufofinta ba, domin mun san abin da waɗannan manufofi suka jawo wa ƙasashe da yawa. Na kawo shi ne domin mu ga yadda ake aikin. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin Amurka ta zaɓi wasu samarin ma'aikatanta ta tura su koyon harshen Rasha da tarihinta, alhali a lokacin ko hulɗar jakadanci babu tsakaninta da Tarayyar Sobiyet. Daga cikinsu akwai George Kennan. Bayan shekara goma sha bakwai, a watan Fabrairu na 1946, shi ne ya aiko da doguwar wayar tangaraho daga Masko, ya bayyana wa shugabanninsa yadda mahukuntan Sobiyet ke tunani, da abin da suke tsoro, da inda rauninsu yake. A watan Mayu na 1947 Sakataren Harkokin Waje George Marshall ya kafa wani ƙaramin ofishi na masu tsara manufa, ya ɗora Kennan a kansa, ya gargaɗe shi da kada ya ɓata lokaci a kan ƙananan al'amura. Cikin makonni kaɗan ofishin ya miƙa shawararsa a kan farfaɗo da Turai, wadda ta shiga cikin jawabin da Marshall ya yi ranar 5 ga Yuni 1947, aka kuma kashe kimanin dala biliyan 13 a kan shirin daga 1948. Ra'ayin Kennan shi ne a tare Tarayyar Sobiyet, a hana ta faɗaɗa, a yi haƙuri har ta gaji daga cikin gida. A watan Disamba na 1991 ta wargaje, shekara 44 bayan kafa wancan ofishi.

Amma fa tsari ba ya amfani in mai mulki ba ya saurare. A shekarar 2002 ita wannan ma'aikata ta Amurka ta tara masana da 'yan Iraƙi mazauna waje, suka yi rubuce-rubuce masu yawa a kan abin da zai faru in gwamnatin Bagadaza ta faɗi. Waɗanda suka shirya mamayar 2003 ba su yi aiki da su ba, kuma kowa ya ga abin da ya auka wa mutanen Iraƙi. Ashe dai sharuɗɗa biyu ne: a sami masu tunanin, a kuma sami shugaban da zai karanta abin da suka rubuta.

Mu ma wannan ilmi ba baƙo ba ne a wurinmu. Ya tabbata a tarihi cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, kada a dogara da tafintan da ba a amince da shi ba. A Sakkwato kuma ofishin waziri ne ke riƙe da wasiƙu da karɓar baƙi, kuma Waziri Giɗaɗo ɗan Laima shi ya sauki Baturen Ingila Clapperton lokacin da ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. Tanadin mutumin da ya san harshen maƙwabci tun kafin a bukace shi, tsohuwar hanya ce ta masu hankali.

LOKACIN DA NIJERIYA TA YI TUNANIN GOBE

Kada mu zalunci ƙasarmu mu ce ba ta taɓa yin wannan ba. A 1961 aka kafa Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje a Legas, a 1979 kuma aka buɗe Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru a Kuru, kusa da Jos. Gwamnatin Janar Murtala ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Adebayo Adedeji domin sake duba siyasar waje baki ɗaya. A watan Nuwamba na 1975 Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA a Angola, a Janairu na 1976 kuma Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya ƙi bin abin da Amurka ta nema daga shugabannin Afirka. Ita kanta ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO, a Legas aka sa hannu a kan kafa ta ranar 28 ga Mayu 1975, bayan Janar Gowon da Janar Eyadema na Togo sun shafe shekaru suna lallashin sauran shugabanni.

Abin da ya fi shafarmu shi ne yadda mutanen wancan zamani suka ɗauki Jamhuriyar Nijar. Iyakarmu da ita ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, alhali Faransa, uwargijiyarsa, ta karkata ga Biyafara. Da yaƙi ya ƙare, a 1971, ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai hedkwata a Yamai. A cikin waɗannan shekaru aka ja layin wutar lantarki ta Birnin Kabi zuwa Yamai. Wanda ya dubi taswira zai fahimci lissafin: Kogin Kwara ta Nijar yake bi kafin ya iso madatsar Kainji da aka gama a 1968. In Nijar tana samun wuta da sauƙi daga gare mu, bukatarta ta tare kogin daga sama za ta ragu. Wutar da muke ba ta, kariya ce ga ruwan da muke bukata. Irin wannan shi ne tsari.

Mun kuma ga kishiyar haka. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986, abin ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar waccan shekara suna "El Buhari". A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa har zuwa Disamba na 2020. Saboda haka duk mai son sanin abin da rufe wannan iyaka ke haifarwa, yana da darasi biyu a gabansa tun kafin 2023.

DARASIN 2023

Bari mu bi kwanakin a hankali, domin a cikin jerinsu darasin yake. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka rantsar da Shugaba Tinubu. Ranar 9 ga Yuli aka zaɓe shi shugaban ECOWAS a Bisau. Ranar 26 ga Yuli dogaran fadar shugaban Nijar suka tsare Shugaba Bazoum, Janar Tchiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga Yuli shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka ba sojoji wa'adin kwana bakwai su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi, suka kuma sa takunkumi. Aka rufe iyaka, aka hana jirage, Nijeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga gare ta. To jama'a, a duk waɗannan kwanaki Nijeriya ba ta da ministan harkokin waje, domin ba a rantsar da ministoci ba sai ranar 21 ga Agusta.

Ba ina tsaye a nan don in wanke juyin mulki ba. Ƙwace mulki da bindiga ɓarna ce, tsare mutum da iyalinsa ba tare da shari'a ba zalunci ne. Tambayar da nake yi ta mai tsari ce. Wanda ya ba da wa'adin kwana bakwai, me ya tanada wa rana ta takwas? Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawan Nijeriya ta ƙi amincewa da matakin soja, ta ce a bi hanyar siyasa. Wa'adi ya cika ba a yi komai ba. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umurnin shirya rundunar ko-ta-kwana, ita ma ba ta motsa ba. Barazanar da ba a cika ba ta ƙara wa sojojin Yamai farin jini a cikin gida, takunkumin kuma ya sauka a kan majinyaci da ɗan kasuwa a Maraɗi da Ƙwanni, da takwarorinsu a Illela da Mai'aduwa da Kamba.

Sakamakon fa? Ranar 16 ga Satumba 2023 Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla ƙawancen ƙasashen Sahel. Ranar 28 ga Janairu 2024 suka ba da sanarwar fita daga ECOWAS. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin ba tare da an mayar da Bazoum kan mulki ba. Ranar 29 ga Janairu 2025 fitarsu ta tabbata, ƙungiyar da ke da ƙasa 15 ta koma 12. A watan Maris na 2025 Nijar ta ba da sanarwar janyewa daga rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram a yankin Tafkin Chadi. Aikin da aka gina tun 1975 ya tsage, abin da aka nema kuma ba a samu ba. Daɗin daɗawa, a farkon Satumba na 2023 gwamnatin Nijeriya ta kira jakadunta gida daga kusan ko'ina a duniya, aka kuma shafe fiye da shekara biyu ba a aika da sababbi ba.

Akwai wani abu a cikin waɗannan kwanaki da ya kamata mu tsaya a kansa. Ranar 3 ga Agusta tawagar ECOWAS ƙarƙashin Janar Abdussalami Abubakar, tare da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, ta sauka a Yamai ta komo ba ta ga Janar Tchiani ba. Ranar 9 ga wata sai ga Muhammadu Sanusi na II, wanda a lokacin ba ya kan gadon sarautar Kano, ya gana da shi tare da Sarkin Damagaram. Ranar 12 ga wata tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi. Bayan haka ne, ranar 19 ga wata, Janar Abdussalami ya koma ya ga Tchiani ya kuma ga Bazoum. Ƙofar da aka rufe wa masu wa'adi, an buɗe ta ga masu zumunci. Sai dai fa an tuna da waɗannan mutane ne bayan wuta ta kama. Mai tsari da su zai fara, kafin a furta kalmar yaƙi.

INA HULƊAR JAKADANCI TA DOSA?

Daga abin da ke faruwa a duniya ina ganin alamomi huɗu.

Na farko, sulhu ya daina zama na manyan ƙasashen Yamma su kaɗai. A Doha Amurka da Taliban suka sa hannu ranar 29 ga Fabrairu 2020. Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka shirya yarjejeniyar fitar da hatsin Yukren a watan Yuli na 2022. A Beijin Saudiyya da Iran suka amince da mayar da hulɗa ranar 10 ga Maris 2023, bayan an shafe shekara biyu ana ganawa a Iraƙi da Oman. Ku lura, ƙasar Oman ba ta da yawan jama'a ko ƙarfin soja, jarinta shi ne ta daɗe ba ta rufe ƙofarta ga kowa ba, kuma tana riƙe sirri. Ƙasa mai matsakaicin ƙarfi tana iya samun daraja ta wannan hanya, muddin ta gina amana shekara da shekaru.

Na biyu, rigingimun gobe a kan ruwa da hanya da makamashi za su fi yawa. Habasha ta fara gina babbar madatsarta a kan Kogin Nilu a 2011, ta ƙaddamar da ita a watan Satumba na 2025, duk da ƙorafin Masar na tsawon shekaru. Mu ma muna da namu. An aza harsashin madatsar Kandaji a jihar Tillaberi tun 2008, a saman Kainji. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari ya janye mafi yawan ruwansa a shekarun 1970 da 1980. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, da bututun gas da ake son ja daga Nijeriya zuwa Aljeriya, duka sai sun taka ƙasar Nijar. Ita kuwa Nijar ta ja bututun manta na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Jakadan gobe sai ya san ilmin ruwa da lissafin ciniki, ban da iya gaisuwa a liyafa.

Na uku, gaggawa ta ƙaru, sirri ya ragu. A 2010 shafin WikiLeaks ya fara fallasa wasiƙun jakadun Amurka kimanin 250,000. Yau shugaba na iya rubuta jimla ɗaya a wayarsa ta zama matsayin ƙasa kafin jakadansa ya farka daga barci, bidiyon ƙarya kuma na iya zagaye Damagaram da Kano cikin sa'a guda. Har ƙasar Denmak ta naɗa jakada na musamman ga manyan kamfanonin fasaha a 2017, domin ta ga ƙarfinsu ya kai na ƙasashe. Idan lokacin tunani a ranar rikici ya ragu haka, dole a yi tunanin tun kafin ranar.

Na huɗu, jakadanci ya fita daga hannun ma'aikatan gwamnati su kaɗai. Malamai, sarakuna, 'yan kasuwa, ɗalibai da mazauna ƙasashen waje duk sun shiga ciki, kamar yadda muka gani a Yamai. Wannan dama ce, kuma nauyi ne. Malamin da aka tura sulhu yana bukatar sanin tarihin rikicin da dokokin ƙungiyar da abin da kowane ɓangare ke tsoro, in ba haka ba sai a yi amfani da rawaninsa a ɗauki hoto a sallame shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ga masu mulki, nasiharmu ita ce su raya cibiyoyin da magabatansu suka kafa, su ajiye masu tsara manufa kusa da shugaba, su kuma saurare su. Kada a sake yanke hukunci a kan iyaka ba tare da an ji daga gwamnoni da sarakuna da malaman jihohin nan bakwai ba. Kada a bar ofishin jakadanci babu jakada, musamman a ƙasashen da muka haɗa iyaka da su.

Ga matasanmu kuwa, musamman waɗanda Allah Ya ba Larabci, ina kira gare ku da ku ƙara da Faransanci, domin dukkan maƙwabtanmu huɗu na tudu, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, sun gaji wannan harshe a harkokin mulkinsu. Ku karanci tarihi da dokar ƙasa da ƙasa da tattalin arziki, ku nemi shiga aikin jakadanci ta ƙofarsa. Wanda za a bukata a teburin sulhu nan da shekara ashirin, yau yake aji ɗaya a jami'a. Ga iyaye, in yaro ya ce wannan fanni yake so, kada a ce masa ɓata lokaci ne.

Ga mu duka, mu kiyaye harsunanmu da yatsunmu. A 2023 mun ga yadda wasu a ɓangarorin biyu suka riƙa zagin juna a waya, alhali kakanninsu ɗaya ne, kasuwarsu ɗaya, maƙabartarsu ɗaya. Labarin da ba ka tabbatar ba, kada ka tura shi. Zumuncin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, da Daura da Damagaram, da Sakkwato da Ƙwanni, shi ne ya buɗe ƙofa a lokacin da takardun gwamnati suka kasa, saboda haka wajibi ne mu tsare shi ta hanyar ziyara da auratayya da ciniki na gaskiya.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina kuma roƙon malamaina su gyara mini. Allah Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari da kunnen sauraronsu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.